Darasi Na Goma Sha Huɗu: Madobiya Da Gwara

Idan aka tambayi mutum, wanda bai taɓa zama ya yi nazarin al'amarin ba, wanne ne ya fi kusa da ƙarewa a bayan ƙasa tsakanin ƙatuwar itaciya wadda gobarar daji ke wucewa ta bar ta a tsaye, da ɗan tsuntsun da yaro ke kayarwa da danƙo a bakin masussuka, babu shakka zai ce tsuntsun ne, domin hankali yakan ɗauka cewa ƙarfi shi ne garkuwar halitta, rauni kuwa shi ne ajalinta. Amma abin da masana suka tabbatar a zamaninmu ya saɓa wa wannan zato, gama madobiya, duk da girmanta da taurinta, ta shiga sahun halittun da ake tsoron gushewarsu, alhali kuwa gwara yana nan ya cika kowane gida daga Dakar har zuwa Habasha. Mas'alar da za mu bi a wannan darasi ita ce sanin dalilin haka, kuma ina roƙonku, ya ku 'yan'uwa masu neman ilimi, ku bi ta da natsuwa, saboda a cikinku akwai manoma da makiyaya da kafintoci da masassaƙa, waɗanda maganar ta shafi abincinsu kai tsaye.

Siffar madobiya da amfaninta

Madobiya, wadda masana tsirrai ke kira Pterocarpus erinaceus, itaciya ce ta dazuzzukan da ke tsakanin kurmi da sahel, tana tsirowa tun daga Sanagal da Gambiya, ta ratsa Mali da Barkina Faso da arewacin Gana da Nijeriya da kudancin Nijar, har zuwa Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Tsawonta yakan kai mita 12 zuwa 15, wani lokaci ya zarce haka idan ta sami ƙasa mai kyau. Ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi, idan kuwa aka sare shi sai wani jan ruwa mai kauri ya fito, ya daskare ya zama ƙaro, wanda masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da shi wajen gudawa da miki, masu rini kuma suna samun launi daga jikinta.

Alamar da ba ta ɓata ga wanda ya san ta ita ce furenta. A tsakiyar hunturu, sa'ad da ganyenta ya kaɗe ƙaf, daji ya yi fari fat da ƙura, sai ka hango ta daga nesa ta lulluɓe da fure rawaya mai ƙamshi, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a kanta a lokacin da abincinsu ya yi ƙaranci a ko'ina. Bayan fure sai 'ya'ya su fito, kowane ɗa faffaɗa ne, kewayayye, da fiffike mai kama iska a gefensa da siraran ƙayoyi a tsakiyarsa, a nan ciki ne ƙwayar irin take.

Masana sun sanya ta cikin zuriya ɗaya da wake da gyaɗa da ɗorawa da gawo, kuma tana da baiwar da Allah Maɗaukakin Sarki ya yi wa da yawa daga cikin wannan zuriya, wato a jikin saiwoyinta akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ƙananan halittu ke zaune ciki, suna jawo sinadarin taki daga iska suna mayar da shi cikin ƙasa, ta yadda gonar da madobiya ke tsaye a cikinta tana samun taki ba tare da mai gona ya kashe ko kwabo ba. Sa'an nan ga ganyenta, wanda a wurin makiyayi ya fi kome daraja, domin yakan tofo a ƙarshen rani da bazara, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta ƙare, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. A irin wannan lokaci ne Bafillace ke hawa ya sassaro rassa ya zubo wa garkensa, kuma a birnin Bamako har kasuwa ake kai ganyen a sayar wa masu kiwon raguna a gida. Katakonta kuwa nauyi gare shi da tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, launinsa tsakanin rawaya da ja yake da zane-zane masu ban sha'awa, shi ya sa masassaƙa suka fi son sa wajen turmi da kujera da ƙota, mutanen Mali da Gini kuma da shi suke sassaƙa gangunansu da sandunan abin kiɗan nan nasu da ake kira balafon.

Duk wannan amfani an yi ta cinsa shekaru aru-aru ba tare da itaciyar ta ragu ba, saboda abin da ake ɗiba bai wuce bukatar ƙauye ba, gatari kuma ba ya kayar da itace da yawa a yini ɗaya.

Gwara

Gwara ba ya bukatar dogon bayani, domin babu wanda ya shigo wannan aji bai wuce shi a hanya ba. Irin wanda ya fi yawa a ƙasashenmu shi ne mai tokar kai da jan baya, wanda masana ke kira Passer griseus, tsawonsa kamar santimita 15, kuma namiji da mace kamanninsu ɗaya. Yana cikin babban rukunin tsuntsayen da ake ce wa mawaƙa, su kanari da marai da tsattsewa, waɗanda aka halitta musu wata na'ura a ƙasan maƙogwaro mai sarrafa murya, ko da yake gaskiya ita ce rabon gwara a wannan fanni kaɗan ne, kukansa ɗaya ne yake ta maimaitawa tun asuba, ba ya kama ƙafar kanari wajen zaƙin murya.

Abin lura game da shi shi ne sauƙin bukatarsa. Yana cin tsabar gero da dawa da irin ciyawa da ɓarɓashin tuwo, idan kuwa yana da 'ya'ya sai ya koma farautar tsutsa da fara da gina domin ya ciyar da su. Sheƙarsa ba ta neman wuri na musamman: ramin bango, ko ƙarƙashin jinka, ko bakin indararo, ko kogon itace, duk ɗaya ne a wurinsa. Macen takan yi ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kansu kimanin mako biyu, bayan ƙyanƙyasa kuma kafin mako uku 'ya'yan sun tashi, sau da yawa ma ta sake wani zubin kafin shekara ta fita, 'ya'yan kuwa shekara na zagayowa su ma sun zama iyaye. Babban malamin nan na Basra, Aljahiz, wanda ya rasu wajen shekara ta 868 Miladiyya, ya ambata a littafinsa na dabbobi cewa ɗan'uwan wannan tsuntsu na ƙasarsu maƙwabcin mutane ne, yana zama inda suke zaune, yana barin gida idan masu gidan sun tashi. Haka namu yake. Duk abin da ɗan Adam ke yi wanda ke korar sauran namun daji, kamar sassabe da gina gari da kafa rumbu, ga gwara ƙarin arziki ne.

Yadda kasuwa ta faɗa wa madobiya

Masifar madobiya daga nesa ta taso. A ƙasar Sin akwai wata tsohuwar al'ada ta ƙera kujeru da gadaje da akwatuna da jan katako mai nauyi, irin waɗanda sarakuna da manyan attajirai suka yi amfani da su a zamanin daulolin Ming da Cin, kuma da arzikin mutanen ƙasar ya bunƙasa a 'yan shekarun nan, sai masu hali suka yawaita, kowa yana son ya mallaki irin kayan da a dā sai fada. A shekara ta 2000 hukumar ƙasar ta fitar da jerin itatuwa 33 waɗanda ta yarda a kira katakonsu da wannan suna mai daraja, madobiya kuwa tana ciki. Da farko dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya da na tsibirin Madagaska aka fuskanta, da waɗannan suka yi ƙasa, aka kuma tsananta doka a kansu, sai fatake suka juyo Afirka ta Yamma wajen shekara ta 2010.

Tafiyar cinikin tana da tsari guda, wanda ya kamata ku lura da shi: a sauka a ƙasa ɗaya, a kwashe manyan itatuwanta cikin 'yan shekaru, da sun ƙare ko hukuma ta farka sai a tsallaka iyaka. Ta haka aka bi Gambiya, inda yawancin gumagumai daga yankin Kasamas na Sanagal ake satar shigo da su, aka bi Gini Bisau da Binin da Kwaddibuwa da Gana, har aka iso Nijeriya, wadda tsakanin 2014 da 2017 ta shiga kan gaba a duniya wajen aika wannan katako zuwa Sin. A cikin Nijeriya ma haka aka yi ta matsawa, daga wajen Ekiti da Kogi zuwa Taraba da Adamawa, har saran ya kai ga gefen gandun dajin Gashaka Gumti, wanda shi ne mafi girma a ƙasar. 'Yan kasuwa suna kiran katakon koso, a Taraba kuma madrid aka fi saninsa da shi. Masu zarton inji su shiga daji su kayar da itaciya, su fafe gefenta huɗu su ɗauki jar zuciyar kaɗai, su bar rassa da sauran jiki a yashe, a jawo gungumen bakin hanya, tirela ta kwasa zuwa Ikko, a cusa a kwantena a sa a jirgin ruwa. Girman abin ya kai ga ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuffuka ya bayyana, a rahotonsa na 2016, cewa idan aka ƙiyasta kuɗin dukkan namun daji da tsirran da aka kama ana fataucinsu ba bisa ƙa'ida ba daga 2005 zuwa 2014, jan katako irin wannan shi ne kashi 35 cikin ɗari, ya fi hauren giwa nesa.

Ba zan ɗora laifin duka a kan baƙi ba, gama da ɗan gari akan ci gari. Baƙo bai san hanyar daji ba, bai san inda manyan itatuwa suke ba, ba shi ne ke riƙe da zarto ba, ba shi ne kuma ke sa hannu a takardar izini ko ya ɗaga shingen kan hanya ba. Haka nan ba zan zargi saurayin ƙauye wanda ba shi da aikin rani, aka nuna masa kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, da irin zargin da ya cancanci wanda aka ba amanar daji ya sayar da ita. Abin baƙin ciki shi ne ɗan abin da ya shiga hannun mutanen ƙauye bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da abin da gungumen ke yi a can inda aka kai shi, kuma kuɗin ya ƙare tun da daɗewa, makiyayi kuwa har yanzu yana zagaya daji a bazara yana neman ganyen da babu shi.

Hukumomin duniya sun motsa, ko da yake a makare. Akwai yarjejeniyar ƙasashe da ake kira CITES, wadda aka ƙulla a birnin Washinton a 1973 domin tsare cinikin halittun da ke cikin haɗari. A taronta na Johannasbag a 2016 aka sanya madobiya cikin jerin abubuwan da ba a fitar da su daga ƙasa sai da shaidar cewa fitarwar ba za ta cuci irinsu ba, dokar ta fara aiki a farkon 2017. A 2018 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke fuskantar gushewa, ta rubuta ta cikin masu haɗarin ƙarewa, a wannan shekara kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, sa'an nan a 2022 dakatarwar ta game dukkan ƙasashen da take tsirowa. A cikin kundin nan guda, gwara yana sahun waɗanda babu wata fargaba a kansu.

Inda bambancin yake

To, yanzu mu komo ga mas'alarmu. Kowace halitta tana da mizani mai hannu biyu, a hannu ɗaya abin da ke mutuwa ko ake ɗiba, a ɗaya hannun abin da ake haifa ya kai ga girma, kuma muddin hannu na biyu bai gaza na farko ba, irin wannan halitta ba zai gushe ba komai rauninta. Ku ɗauki misali domin lissafi: gwara biyu, mace da namiji, sun yi zubi biyu a shekara, kowane zubi 'ya'ya uku, kun ga shida ke nan. Ko da mage da shaho da maciji da yara sun halaka huɗu daga ciki, biyun da suka rage sun isa su maye gurbin iyayensu. Madobiya ita ma tana zubar da iri mai yawa, amma tsakanin ƙwayar iri da itaciyar da ta isa sara akwai shekaru gomiya-gomiya, kuma a cikin waɗannan shekaru sai tsiron ya tsira daga bakin akuya da saniya, waɗanda ke son ganyensa ƙwarai, ya tsira daga gobarar kowane rani, ya tsira daga fartanyar mai sassabe. Abin da ya ɗauki tsawon rayuwar mutum kafin ya kafu, zarton inji yana kayar da shi kafin a gama shan fura.

Akwai kuma wani abu da ya ƙara tsananta ɓarnar. Mai zarto ba ya zaɓar ƙaramar itaciya ko karkatacciya, manya miƙaƙƙu yake nema, waɗannan kuwa su ne iyayen da ke zubar da iri. Wanda ya sare su daidai yake da ɗan kasuwar da ya bar cin riba ya koma cin uwar kuɗi, ranar da ya fi kowace rana jin daɗi ita ce ranar da shagonsa ya fara mutuwa. A nan ya wajaba in faɗa wa 'yan'uwanmu makiyaya gaskiya su ma, cewa itaciyar da ake aske wa rassa ƙaf kowace shekara ba ta samun damar yin fure, wadda ba ta yi fure ba kuwa ba ta barin magaji.

Tarihin ƙasar Sin ɗin nan ya ba mu hujja a kan ɗaya ɓangaren. A 1958 hukumar ƙasar ta shelanta yaƙi da abubuwa huɗu da ta ɗauka maɓarnata ne, wato ɓera da ƙuda da sauro da wani irin gwara na can, bisa zargin yana cinye hatsi. Jama'a suka fito birni da ƙauye suna kaɗa ganguna da kwanoni domin kada tsuntsayen su sami sauka har su faɗo don gajiya, ana rushe sheƙa ana fasa ƙwai, aka kashe adadi mai yawan gaske. Ba a daɗe ba ƙwari suka yi yawa a gonaki, tun da an kawar da mai cinsu, wannan kuwa ya zo cikin shekarun da ƙasar ta faɗa wata babbar yunwa mai dalilai da yawa. A 1960 aka cire gwara daga jerin, aka sa kuɗin cizo a madadinsa, kuma da aka sakar masa mara sai ya sake yaɗuwa. Al'umma guda ta tashi takanas domin ta ƙarar da ɗan tsuntsu ta kasa, saboda saurin haihuwarsa, amma madobiya, wadda babu mai ƙinta, kwaɗayin kyawunta kaɗai ya kai ta bakin gushewa cikin 'yan shekaru.

Kada dai wani ya fahimci cewa yawa tabbacin dawwama ne. A Ingila gwaran gidajensu ya ragu da fiye da rabi tun daga shekarun 1970, har hukumomin kula da tsuntsaye na can suka sa shi cikin waɗanda ake damuwa da su a 2002. Madobiya ma kanta, a zamanin kakanninmu, ba wanda ya taɓa tsammanin za a wayi gari ana ƙirga ta.

Abin da ke hannunmu

Kiyaye daji ba baƙon abu ba ne a shari'armu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hima, wato yankin da shugaba ke keɓewa domin maslahar jama'a a hana kowa ɓata shi, kuma an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe irin wannan wuri a Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe a Rabaza. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa, inda ya hana su sare itatuwa masu 'ya'ya ko a halin yaƙi. Idan an hana haka a ƙasar abokan gaba, ina ga dajin da jikokinmu za su gada? Dagaci da mai unguwa da limami suna da ikon da malamin daji shi kaɗai ba shi da shi, domin su suka san wanda ya shiga daji da zarto da wanda ya saukar da shi a gidansa.

Wani abin farin ciki shi ne madobiya, idan aka sare ta, kututturenta ba ya mutuwa nan take, yakan yi toho. Manoman jihar Maraɗi a Nijar sun nuna wa duniya abin da za a iya yi da irin wannan toho. Tun daga shekarun 1980, da taimakon wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka ɗauki dabarar da suke kira sassaben zamani: maimakon a share kowane kututture a ƙone, sai a zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi a bar su, a datse sauran, a tsare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, tohon yana girma da saurin da dashe ba ya yi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5, galibinsu gawo da kalgo da sabara. Babu abin da zai hana mutanen Taraba da Adamawa da kudancin Kaduna su yi wa kututturan madobiya haka. Wanda kuma ya sami 'ya'yanta a ƙarshen rani, ya fasa ya cire ƙwayar, ya jiƙa ta kwana ɗaya ya shuka a leda, ya dasa da faɗuwar damina, ya kewaye da ƙaya, to, ya yi aikin da malamai suka lissafa cikin sadaka, ko da ba shi ne zai ci moriyar katakon ba.

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowannenku ya zagaya gonarsa da dajin da ke kusa da garinsu, ya rubuta a littafinsa adadin manyan madobiya da ya gani a tsaye, da adadin kututturan da ke toho, da adadin ƙananan tsiro, kowanne a layinsa. Wanda yake arewa can inda madobiya ba ta tsirowa, ya yi wannan ƙidaya a kan maɗaci ko ƙirya, gama su ma masu katako da masu gawayi sun sa su gaba. Ku tambayi dattawan unguwarku wuraren da suka san itaciyar a dā waɗanda yanzu babu ita, ku rubuta sunayen wuraren. Idan kun kawo, za mu haɗa lissafin a kan allo, mu kwafe shi a takarda ɗaya da hannunku, wakilai biyu daga cikinku su kai wa dagaci.